Farin Zaren Cikin Ƙwai

"Ina kwana, Tsoho? Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi. Amma baiwar Allah, daga ina? Kamar na taɓa ganin fuskar nan a wani wuri."

"Amaryarka ce ta dawo."

"Ni ba ni da amarya. Wadda nake da ita ta gudu jami'a. Aka kwantar da ni, aka yanka, aka ɗinke kamar buhu, ko leƙe."

"Na leƙa mana. Barci na tarar kana yi, baki a wangame. Ƙuda ya shiga, ya rasa haƙorin da zai gaisa da shi, ya fito."

"To ka ji. Irin matan da ake samu ke nan yanzu."

Ta durƙusa a gaban kujerarsa ta ƙarasa gaisuwar yadda ya kamata, sannan ta ajiye ledar da ta shigo da ita a kan tebur, a hankali. A gida da makaranta an san ta da ƙarancin magana. Idan baƙi suka cika falo, ita ce mai kawo ruwa ta ɓace. Amma a ɗakin nan bakinta a sake yake tun tana koyon magana, don kakanta ne, kuma shi ya fara tsokana.

Ɗakin bai canja ba. Agogunan bangon da masu su suka kawo gyara ba su dawo ɗauka ba suna nan a jere, kowanne yana nuna lokacin da ya ga dama. Teburin aikinsa yana jikin taga, da koren ƙyalle a shimfiɗe da 'yan gwangwanayen ƙananan ƙarafa. Mutumin ne ya canja. Agogon da a da yake kama masa wuyan hannu tsam, yanzu ya zame ya kusa kaiwa gwiwar hannu. A gefensa akwai faranti da ɓawon lemu da 'ya'yansa, sai kofin shayin da ya huce.

Goggo, babbar 'yarsa da ke jinyarsa, ta riga ta tare ta a bakin ƙofa, jakar aiki a kafaɗa, ta zayyane mata komai. Ɗinkin cikinsa ya ƙi haɗewa. Likita ya ce jiki ba ya gina nama da shayi da lemu, kuma in aka koma bai ga canji ba, gado zai sake ba shi. Nama dai ba haƙori, wake yana kumbura masa ciki, madara ba ta zama, saura ƙwai. Ranar da za a fara, ya dogara sanda ya bi Goggo kicin, don an ce ya riƙa ɗan takawa, alhali a rayuwarsa bai taɓa tsayawa kan mai girki ba. Ya leƙa kwano, ya ga wani farin abu manne da gwaiduwa. Ya sa aka fasa wani, aka sake fasa wani, duk akwai. Ya ce tsutsa ce. Goggo ta ce za ta cire, ya ce cirewa ba ta goge zaman da ta yi a ciki. Tun daga ranar ya ɗinke bakinsa.

"Ni ba zan iya ja da shi ba, ubana ne," in ji Goggo. "Ke kuwa ko zaginsa kika yi, dariya zai yi. Kuma kin san a asibitin nan Inna, kakarki, ta cika. In aka mayar da shi can, ban san yadda zai fito ba."

Yanzu ga shi yana hararar ledar.

"Mene ne a ciki? In agogo ne, na daina karɓa. In lemu ne, ajiye."

"Ƙwai ne."

Ya juya fuska wajen taga. "Ashe da makami aka aiko ki. Me na yi miki? Gado kike son ci da wuri? Agogunan nan ko ɗaya ba ya tafiya daidai, na gaya miki tun yanzu."

"Wa zai wahalar da kansa wajen kashe ka? Iska in ta ɗaga labule da ƙarfi ta isa. Goggo ta ce jiya ta gyara gado da kai a ciki ba ta lura ba."

"Ramar nan ado ce. Samari gudu suke yi da asuba don su samu irinta."

"Samari masu haƙora."

"Ki yi ta yi. Ni dai na gani da idona, da gilashi ma na duba. Kajin zamani ne, amarya, kajin kamfani. Ba su taɓa ganin rana ba, ba su taɓa tona ƙasa ba. Kaza ta kwana a tsaye cikin keji, fitila a kanta, allura a cinya, me kike so ta saka?"

"Waɗannan ba na kamfani ba ne. Wajen matar nan mai kaji ta ƙarshen layi na saya, wadda kajinta ke kiwo har cikin kicin ɗin mutane. Wannan da ɗuminsa na zaro shi daga ƙarƙashin kazar. Dubi inda ta sare ni."

"Ta yi daidai. Ta gane ɓarauniya."

Ta shiga kicin ta dawo da farin faranti mai faɗi. Ta matsar da gwangwanayen gefe, ta buga ƙwan a bakin tebur, ta buɗe shi ƙasa-ƙasa don kada gwaiduwar ta fashe. Gwaiduwar ta zauna ɗas a tsakiya, ja-ja da ita, ga kuma fararen abubuwan nan a gefenta, sun fito ɓaro-ɓaro.

Tsoho ya yamutsa fuska ya ja da baya. "Kin gani ko? Ta ma fi ta kamfanin ƙiba. Wannan ai uwarsu ce."

"Ta motsa?"

"Barci take yi."

"Ina kanta, ina wutsiya?"

"Ni likitan tsutsa ne? Ke aka tura karatun dabbobi da ciyayi. Shekara da shekaru ana abu ɗaya, har yau ko akuya ba ki warkar ba."

"Akuyoyin da na sani ba sa ƙin abinci."

Ya buɗe baki zai rama, dariya ta riga shi, ya danne ta da tari. Ta ɗauko masa gilashin nan na ido ɗaya da masu gyaran agogo ke maƙalawa, ta goge da gefen mayafinta, ta miƙa masa.

"Sake dubawa. Wancan karon duban mai ƙyanƙyami ka yi. Yau ka ɗauka wani ne ya kawo maka ya ce abinsa ya tsaya, yana so ka gano yadda aka haɗa shi."

Ya dube ta, ya dubi farantin. Ta san inda ta taɓa. Tun da hannunsa ya fara rawa ba wanda ya ƙara kawo masa komai ya ce duba mini. Ya karɓi gilashin ya maƙala, ya ce ta ja labule haske ya shigo, ya sunkuya. Nan take fuskarsa ta koma irin wadda ta sani tun tana ƙarama, leɓen ƙasa a ciki, numfashi a riƙe. Ba ka jin komai sai agogunan bango, kowanne da nasa takun.

"Biyu ne," ya ce.

"Biyu."

"Ɗaya nan, ɗaya can, daura da juna. Tsutsa ba ta san daidaito haka ba." Ya ƙara matsawa. "Kuma a murɗe yake, kamar igiyar da aka tuƙa."

"Duba ɗayan."

Ya juya farantin da yatsa. "Shi ma. Amma dakata. Wannan ya bi hannun agogo, wancan ya saɓa masa. Wa ya murɗa su?"

"Kazar. Farin ƙwan ne da kansa ya yi kauri, ba tsutsa ba ce, ba kuma ɗan tsako ba. Lokacin da ƙwai yake saukowa a cikinta, kafin ɓawo ya rufe shi, juyawa yake yi a hankali, sai farin ya tuƙe ta gaba da ta baya. Zare ɗaya ya nufi wajen tsinin ƙwan, ɗaya wajen gindinsa, gwaiduwa tana tsakiya. Ko kaza ta mirgina shi, ko an sa shi a leda an hau mota da shi, gwaiduwar ba za ta je ta bugi ɓawo ba."

"Wato rataye ta aka yi." Bai ɗago ba. "A cikin agogo akwai wata 'yar taya mai kai da komo, ita ce zuciyarsa. Ba a kwantar da ita a kan komai. Tsini biyu ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa. Ɗaya ya karye, agogo ya mutu, ko da na zinariya ne."

"To ka gane."

"Na gane tun kafin a haifi ubanki. Kazar ce ta saci fasahata."

"Sai ka kai ta ƙara. Kuma ka sani, in ƙwai sabo ne zaren ya fi fitowa. In ya daɗe a ajiye sai ya saki, gwaiduwar ta karkace gefe. Wanda ka fasa ba ka ga komai ba, shi ne tsoho, ya saki jiki."

"Ki dai fito ki faɗi abin da kike son faɗa."

"Ban kama suna ba."

Ya cire gilashin ya murza ido. "Abin yana da suna, ko ku ma 'abin nan' kuke ce masa a jami'ar?"

"Kalaza."

"Ka me?"

"Kalaza. Tsohuwar kalmar Girkawa ce. Ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan sama suke nufi da ita, don sun ga ya yi kama da ɗan dunƙulenta."

"Mutane su ga igiya su ce ƙanƙara, kuma a ba su digiri."

"Ba su da gilashinka ne. Kuma ba a ƙwai kaɗai take ba. Har a lemun da kake ta sha tana nan."

"Kada ki ɓata mini lemu. Shi kaɗai ya rage mini a duniya."

Ta ɗauki ƙwayar irin lemu ɗaya daga farantin gefensa, ta sa farce ta ɓare farar fatar waje. A ciki akwai wata siririyar fata mai ruwan ƙasa, kuma a ƙarshenta mai faɗi akwai tabo zagayayye da ya fi sauran duhu, kamar an kifa masa 'yar hula. Ta ɗora a tafin hannunsa. Ya mayar da gilashin ba tare da an roƙe shi ba.

"Wannan wurin ma sunansa ke nan. Lokacin da irin yake ɗan mitsitsi a cikin fure, ta nan abinci yake isa gare shi daga jikin uwar. Da ya ƙosa, hanyar ta rufe, tabon ya rage."

"Cibiya ke nan."

"Kusa da haka. Cibiyar tana wani gefen, inda ya tsinke daga uwar. Wannan can ciki ne, inda abincin yake sauka."

"Aikinsu ɗaya da na ƙwan?"

"A'a. Na ƙwai riƙo ne aikinsa, na iri ciyarwa. Suna kawai ya haɗa su."

"Riƙo da ciyarwa," ya ce a hankali, yana jujjuya irin a tafinsa. "A gidan da na sani, aikin mutum ɗaya ne."

Ya ajiye irin a kan koren ƙyallen, ya cire gilashin, ya tura farantin ƙwan gabanta da bayan hannu.

"Na ji karatunki, amarya, kuma ba laifi, ba duka kuɗin makarantar aka zubar ba. Amma ki bar ni. Ƙwan da kakarki take soya mini ba shi da wannan. Tun muna ɗaki ɗaya a bayan shago har ta koma ga Allah, kullum safiya, ban taɓa cin karo da shi a faranti ba. Ko kajin da ba su iya Girkanci ba ne?"

Ta tuna kicin ɗin can da safe, ita a kan 'yar kujera ƙafafunta ba sa kaiwa ƙasa, Inna ta ba ƙofa baya tana fasa ƙwai a kwano. Sauran jikokin tsakar gida suke gudu, ita kaɗai ce mai zaman kallo, shi ya sa ita kaɗai ta gani. Inna ta ce kada ta faɗa, kuma ba ta taɓa faɗa ba, ko ga Goggo. Ta dubi agogon da ya zame a hannunsa, ta dubi yadda rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Ta ce a ranta, Inna ki yafe ni, don ya ci kika ɓoye.

"Akwai shi, Tsoho."

"Babu."

"Akwai. Cirewa take yi."

Ya zuba mata ido.

"Da rabin ɓawon take yi. Ta sa bakinsa mai kaifi ta yanko ɗaya, ta juya kwanon ta yanko ɗayan, ta yarfa wa kyanwa. Kafin ka ƙifta ido ta gama. Na taɓa tambayarta, ta ce, 'Mutumin da ke ganin ƙura a cikin agogo, ranar da ya ga wannan ya bar cin ƙwai ke nan har abada. Kada ki gaya wa tsohon can.'"

Wani agogon bango ya buga nasa lokacin, wanda ba ruwansa da na kowa. Tsoho ya jira ya gama.

"Kullum?"

"Duk ranar da na gani."

"Har bayan da idonta ya yi rauni?"

"Lokacin da yatsa take lalubowa."

"Da yatsa," ya ce. "Ta wanke hannun dai ko?"

"Har da sabulu."

"To da sauƙi." Ya juya wajen taga ya daɗe yana kallon waje, ko da yake ba komai a wajen sai igiyar shanya da katangar maƙwabta. Ita kuma ta shiga jera gwangwanayen da ba su buƙatar jeri. Can ya ce, "Ni ina shago ina cika baki wai ba abin da ke ɓuya wa idona. Ashe a tsakiyar maƙarƙashiya na yi rayuwata. Har da ke, 'yar ficiciya, kina kawo mini faranti kina sunne kai kamar mutuniyar kirki."

"Ni umarni na bi."

"Miƙo mini hantsakin can. Ba wannan ba, siririn, na agogon mata."

Ta miƙa masa. Ya janyo farantin, ya maƙala gilashi, ya dafe gwiwar hannu a kan tebur yadda ya saba. Bakin hantsakin ya sauka yana ɓari. Ya kama zaren, zaren ya sulluɓe. Ya sake kamawa ya ja, gwaiduwar gaba ɗaya ta biyo shi kamar an kira ta. Ya saki, ya ja numfashi, ya koma ta ɗaya gefen. Wannan karon hannun ya yi rawa daidai inda bai kamata ba, tsinin ya taɓa gwaiduwar, ta fashe, ta malale a hankali ta cika farantin.

Ta san yadda yake ji da hannun nan, ta kuma san bai ƙara taɓa kayan aikinsa a gaban kowa ba tun da rawar ta fara.

Ya tsaya yana kallon ɓarnar da gilashi a ido. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya ce, marar sauti da farko, sannan ta fito, ya dafe cikinsa da hannu biyu.

"A hankali, kada ka farke ɗinkin a ce ni ce."

"Ni da na buɗe agogon da bai kai ƙwayar wake ba na mayar da shi yana tafiya," ya ce yana share ido da hannun riga. "Ita kuma da ɓawo. Ɓawon ƙwai, a tsaye, mai yana tafasa a kasko. Matar nan ta fi ni hannu, ba ta taɓa faɗa ba."

"Da ta faɗa da ka rufe shago."

"Da na ba ta teburin na koma kicin."

"Da mun mutu da yunwa."

Ya ajiye hantsakin a mazauninsa, ya daidaita shi da sauran. Ta bari numfashinsa ya dawo, sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"In cire maka yadda take yi? Na iya."

Ya yi ɗan tunani. "A'a. Wannan aikinta ne, ki bar mata. Ke soya shi da kayansa. Tun da yana riƙe gwaiduwa, wataƙila ya riƙe ɗinkin."

"Kimiyya ba ta ce haka ba."

"Kimiyya ba ta da ɗinki a ciki."

Ta ɗauki farantin ta wuce kicin kafin ya canja shawara. Ta kunna wuta, ta zuba mai kaɗan, ta juye ƙwan yadda yake, ta barbaɗa gishiri. Ta yanka burodi mai taushi, ta cire masa gefen, ta haɗa sabon shayi, ta kawo duka a tire.

Ya duba farantin daga sama, ya duba daga gefe. Ya kai hannu wajen gilashin, ta riga shi ta sa a aljihu. Ya gutsuri burodi, ya dangwali ƙwan, ya yi bisimilla, ya runtse ido kamar mai shan magani, ya kai baki. Ita kuwa ta ba shi baya tana karanta agogunan bango ɗaya bayan ɗaya, kamar yau ta fara ganinsu. Ta ji ƙarar cokali a faranti, ta sake ji.

"Yaya?" ta ce ba ta waiwayo ba.

"Gishiri ya yi yawa. Gefen ya ƙone. Wanda ya aure ki ya shiga uku."

"Kai ne ai."

"Shi ya sa na rame."

"To kawo in kai wa kyanwar maƙwabta."

Ta juyo ta miƙa hannu, ya janye farantin zuwa ƙirjinsa ya kare da gwiwar hannu. Saura loma ɗaya a ciki. Ya share ta da burodi, ya tauna a hankali da dasashi, ya kora da shayi, sannan ya dube ta ta saman kofin yana dariya.

"Kin ci ni yau, na yarda. Je ki fasa na biyu, ki rage gishirin. Kuma ki yi sauri kafin Goggonki ta dawo ta ce ita ta yi nasara."